Bakanon Asali a Zauren Bazazzagi

Shafi na 14

Masu cika min waya da "Anti ina ci gaba" tun safe, to ga shi nan, ku sarara min haka nan. Ku kuma da kuka shigo yau, ku matso ku ji inda aka kwana: Mujitaba, mai gyaran injin ban-ruwa a Kwanar Dangora, shi ne baban Husna ya aika wa ya zo yana son ganinsa. Jiya mun bar shi yana goge shadda.

*

Tun daga Kwanar Dangora har babur ɗinsu ya shiga Tudun Wada, Mujitaba bai bar amininsa Mainasara ya sha iska ba.

"Hular nan ta zauna kuwa?"

"Ta zauna."

"Ko waiwayowa ba ka yi ba."

"Malam, tuƙi nake yi. In na waiwayo, a gadon asibiti baban Husna zai zo ya gan ka."

Mujitaba ya sake gyara hular. Can kuma ya ɗaga hannunsa yana shinshinawa. Ya wanke hannun nan da omo har fata ta yi fari, amma gani yake warin baƙin mai na nan maƙale.

"Wai tsoron me kake yi haka?" in ji Mainasara.

"Ba ka san mutumin ba. Husna ta ce abin da ya fi tsana a duniya shi ne raini. Akwai wanda ya zo kafin ni, ɗan gidan masu hali, ya samu kujera ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Ko ruwan da aka kawo masa bai shanye ba aka sallame shi."

"To ita me ta ce?"

"Ta ce in Baba ya ce a'a, to a'a ce. Ba za ta iya saɓa masa ba ko da za ta yi shekara tana kuka."

"Ai da sauƙi. Bakin nan naka da kake zagin Bazazzagi da shi kullum, ka cire shi ka ajiye a ƙofar gida tare da takalmi."

Bari in tuna muku, don na san wasunku sun manta. Akwai wani guruf a waya da ake kira Zauren Kalmomi, Malama Badiyya mai koyar da Turanci a Doguwa ce ta buɗe shi. Kullum bayan la'asar za ta jefo harafi biyu, kowa ya kawo kalmomin Turanci masu harafi biyar da suka fara da su. Ba duba ƙamus, ba tambayar kowa, amana ce tsakaninka da Allah. Wanda ya fi tarawa kafin kiran magariba shi ne sarkin ranar. Akwai malaman asibiti a ciki, akwai masu shago, akwai 'yan bautar ƙasa, daga Bebeji har Kiru, kowa da laƙabinsa.

Mujitaba da layin shagonsa ya shiga, ya raɗa wa kansa Bakanon Asali. Rannan sai ga wani ya shigo da suna Bazazzagi. To kun dai san tsakanin Kanawa da Zage-zagi, wasa ne tun na kakanni, kowa cewa yake ɗayan bawansa ne. Gogan naku bai tsaya tambayar shekarun mutum ba, ya dira a kansa. Shi ma Bazazzagin ashe ba kanwar lasa ba ne, ya rama har da ƙari. Tun daga ranar rabin 'yan guruf ɗin ba don kalmomi suke leƙowa ba, don kallon su biyun ne.

A ƙofar gidan, Mujitaba ya ciro babbar wayarsa ya kashe ta ɗif, don ladabi. Ta shago kuwa, wadda ke aljihun gefe, ko tuna ta bai yi ba.

Suka yi sallama aka ba su izini.

Malam Jibrin na zaune a zaure kan darduma, ya jingina da matashi, ƙafa ɗaya a miƙe saboda ciwon gwiwa. Dattijo ne siriri mai farin gemu, tabarau a goshi. Tsohon malamin gona ne, ya yi ritaya. Ya yi musu kallo ɗaya daga sama har ƙasa.

Suka zube can nesa da darduma.

"Barka da yamma, Baba. Mun same ku lafiya?"

"Lafiya lau. Wane ne Mujitaban a cikinku?"

"Ni ne, Baba."

"Ɗan wa?"

"Ɗan Malam Habu masunci. Asalin garinmu yana ƙarƙashin ruwan Tiga, da aka yi dam aka tashi kakanninmu suka dawo ƙasar Bebeji."

"Bakano ke nan."

"E, Baba."

"Hm. Allah ya kyauta."

Husna ta taɓa faɗa masa asalinsu Makarfi ne, amma Zage-zagi a Tudun Wada ai sun fi a ƙirga, bai kawo komai a ransa ba. Malam ya shiga jero tambayoyi, daga karatu zuwa sana'a, daga sana'a zuwa masallacin da yake sallar asuba. Har sai da ya tambaye shi me ke sa inji ya ƙi jan ruwa alhali yana kunne. Mujitaba na amsawa kai a ƙasa, murya kamar ta mai azumi. An jima ana yi, rana ta fara yin sanyi, har ya fara jin kamar abin zai yi kyau.

Sai wayar Malam ta yi ƙyar a kan darduma. A daidai lokacin wani abu ya girgiza a aljihun Mujitaba.

Fuskar dattijon nan ta washe kamar ba shi ba. Ya sauko da tabarau kan hanci.

"Ku yi min haƙuri, samari. Malamar ta makara yau. Akwai wani mara kunya da nake koya wa hankali kullum war haka."

"Ayya, Baba, wane ne?" in ji Mainasara.

"Wani ɗan ƙwal uba ne a waya, wai shi Bakanon Asali. Ɗan'uwanku ne."

Mujitaba ya ji zauren ya juya da shi. Mainasara kuwa tari ya sarƙe shi, ya dafe ƙirji.

"Sannu. Ku ji abin da ya rubuta min jiya, don kawai ya fi ni da kalma ɗaya." Malam ya ja allon waya da yatsa, ya gyara murya. "Wai, 'Bawana, fate ya toshe maka kwanya. Zo ka wanke min babur in ba ka ladan gurasa.' Kun ji fa. Ni zan wanke masa babur."

"Subhanallahi," in ji Mujitaba a hankali.

"Ai ba ka ji komai ba. Shekaranjiya cewa ya yi ranar da ya kama ni sai ya ɗaure ni a bayan babur ya zagaya kasuwa da ni. Ranar da na mutu kuma shi zai gaji tukunyar fate."

"Wannan ai ba shi da tarbiyya, Baba," Mainasara ya faɗa yana kallon rufin zaure. "Ko ya ka ce, Mujitaba?"

Mujitaba ya yi masa wani irin kallo ta ƙasan ido. Da za a ba shi sifana a lokacin, da Mainasara ya ji a jikinsa.

"Ba shi da ita," ya ce.

"A'a, kar ku zage shi," in ji Malam. "Nawa ne. Ni kaɗai ke da ikon zaginsa. To bari mu gani, yau S da P ta ba mu."

Ya fara dannawa da yatsa ɗaya, yana faɗa a fili kamar mai biya wa ɗalibai.

"Spray. Wannan ai abincinmu ne. Spade. Spore, wannan sai wanda ya yi makarantar aikin gona, Bakano bai san ta ba ko a mafarki. Spice. Spoon."

Duk kalmar da ya tura, sai aljihun Mujitaba ya girgiza. Bawan Allah ya matse aljihun da gwiwar hannu, gumi na bin bayansa. Abin haushin ma, kalmomi ne ke ta zubo masa a ka ba tare da ya neme su ba, har harshensa ƙaiƙayi yake yi.

Malam ya tsaya, ya shafa gemu.

"Kalmomin sun gudu. Kullum haka suke min, in na kai nan sai su ɓuya."

"Baba, ai Mujitaba ma yana ɗan taɓa Turanci," in ji Mainasara. "Ko ya taimaka?"

"Ba a taimako. Amana ce."

Ya ajiye wayar a cinya yana jira. Ya ɗauka ya duba, ya ajiye. Ya sake ɗauka.

"Ikon Allah. Yau bai fito ba."

A nan Husna ta yi sallama ta shigo da tire, zoɓo mai sanyi da kofuna. Ta durƙusa ta ajiye, ta gaishe su ba tare da ta ɗago ba. Ta saci kallon Mujitaba, ta ga ya jiƙe sharkaf, ta ɗauka tambayoyin Baba ne suka yi masa haka. Tausayinsa ya kama ta.

"Husna, Bakanona bai fito ba."

"Wataƙila caji ne ya ƙare masa, Baba."

"Ko ranar sallah sai da ya fito. Ranar da aka yi ruwan nan mai iska ma ya fito."

Muryarsa ta canja. Ya cire tabarau ya riƙe a hannu, ya kalli samarin.

"Ina da aboki a garin nan, Alhaji Rufa'i, Bakano ne shi ma. Tun da aka turo ni aiki nan muke tare. Kullum da yamma sai ya tsaya a ƙofar nan ya ce, ina bawana? In ce masa ga ubangidanka a zaune. Rannan bai zo ba. Na ce bari, gobe na je har gida na tsokane shi. Da safe aka aiko min in zo jana'iza."

"Allah ya jiƙansa," suka ce.

"Amin. Tun daga ranar ban ƙara barin mutum sai gobe ba. Husna, zo ki nuna min yadda ake kiran mutum a abin nan."

Mujitaba ya buɗe baki. Wallahi ya yi niyyar tona kansa, amma ya makara. Yana kallo Husna ta matsa kusa da babanta, ta danna sunan, ta danna alamar kira, ta miƙa masa.

Wayar shago ce fa. Da gangan ya ƙure mata ƙara don ya riƙa jin ta ko inji na kunne.

Zauren ya ɗauka gaba ɗaya.

Husna ta kalli aljihun, ta kalli wayar babanta, ta sake kallon aljihun. Ta toshe baki da gefen hijabi, ta miƙe ta faɗa bayan labulen ƙofar cikin gida. Mainasara ya ce bari ya duba ko ya kulle babur, bai kai bakin ƙofa ba dariyar ta ƙwace masa.

Malam Jibrin bai motsa ba, waya a kunne.

"Ɗauka mana. Ba kyau a bar mutum yana ta kira."

Mujitaba ya ciro ta ya kara a kunne.

"Salamu alaikum."

"Wa alaikumus salam. Bakano?"

"Na'am, Baba."

"Lafiyarka ƙalau?"

"Lafiya lau, Baba."

"To alhamdu lillahi."

Ya kashe, ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya. Sai da ya ɗan jima yana kallon ƙasa, sannan ya mayar da tabarau ya ɗago.

"Kai ne za ka ɗaure ni a bayan babur?"

"Baba, wallahi na ɗauka sa'ana ne."

"Kai ne magajin tukunyar fate?"

"Baba..."

"Ina gurasar tawa? Ko sai na wanke babur ɗin tukuna? Ga shi can a waje, a kawo min bokiti."

Mujitaba ya ƙara duƙawa, goshinsa ya kusa taɓa ƙasa. Shi dai ya san ya gama yawo. Wanda ya ɗora ƙafa kan ƙafa ma an kore shi, ina ga wanda ya yi wata da watanni yana kiran uban yarinya bawa a gaban jama'a? Husna kawai yake tunawa, da yadda ta ce a'ar Baba a'a ce. Hawaye ne ya cika masa ido.

"Na tuba, Baba. Don girman Allah a yafe min. Yanzun nan zan fita daga guruf ɗin. Ba za ka ƙara jin bakina ba har abada."

Yana jiran tsawa, sai ya ji shiru. Da ya saci kallo, ya ga fuskar dattijon ta faɗi fiye da ɗazu.

"Ka ji ba. Abin da nake tsoro ke nan."

Malam ya gyara ƙafarsa mai ciwo.

"Yaro, ka cuce ni. Surukai ina da su, mazan yayyen Husna. Mutanen kirki ne. In sun zo sai su zauna can inda kake, kai a ƙasa kamar an yi musu mutuwa. Ba sa cin abinci a gabana. In sun hango ni a hanya sai su canja lungu. Ko cewa na yi rana daga yamma take fitowa, sai su ce haka ne Baba. Haka al'ada ta ce, ban ga laifinsu ba. Amma tun da Rufa'i ya tafi, babu wanda ya ƙara kallon idona ya ce min na yi ƙarya. Sai wani mara kunya a waya. Tambayi uwar Husna, da la'asar ta yi nake fara gyara zama."

Malam ya girgiza kai, ya ci gaba.

"Yanzu in na ba ka ita, ka zama suruki, na rasa abokin wasa. In na hana ka, ka yi zuciya ka tafi, na rasa duka biyun. Duk garin nan ka rasa ƙofar da za ka ƙwanƙwasa sai tawa?"

A ƙarƙashin labule Mujitaba na hango yatsun ƙafar Husna da jan lalle, ta kasa tafiya. Mainasara ma ya dawo ya raɓe a bakin ƙofa, dariya ta ɗauke.

Malam ya ja wayarsa. Ya fara rubutu da yatsan nan ɗaya, a hankali, yana gogewa yana sakewa. Da ya gama ya danna, wayar da ke hannun Mujitaba ta girgiza.

"An yi maka saƙo," in ji Malam, yana kallon bango.

A cikin guruf ya tura, gaban kowa.

"Bakano, fito ka ba ni shawara. Wani ɗan'uwanka ne durƙushe a zaurena yana neman 'yata. Ya iya gaisuwa, yana da sana'a, amma tsoro ya yi masa yawa. In ba shi ko in kore shi?"

Kafin ka ce me, guruf ya kama da wuta. Wannan na cewa a ba shi, wancan na cewa a jira Bakano. Malama Badiyya ta rubuto cewa ita dai a gayyace ta biki.

Mujitaba ya zuba wa allon ido. In ya amsa da ladabi, ya tabbatar wa dattijon nan abokin wasansa ya mutu. In ya amsa yadda ya saba, to a gaban uban Husna yake, mutumin da ya tsani raini. Ya kalli yatsun nan masu lalle. Ya yi bisimilla a zuci.

Bai tashi daga durƙuson ba, bai ɗago kai ba. Yatsunsa ne kawai suka shiga aiki.

"Bawana, ba shi kawai. Ka samu wanda zai koya wa jikokinka Turanci, tunda kai a cokali ka maƙale. Spark. Spare. Spoke. Spool. Speed. Spend. Yau ma na ci ka. Babur yana waje."

Ya tura, ya kife wayar a ƙasa, ya rufe ido.

Ƙyar.

Malam Jibrin ya kai wayar kusa da hanci. Ya karanta. Ya sake karantawa, leɓensa na motsi yana bin kalmomin ɗaya bayan ɗaya. Fuskarsa ba ta nuna komai ba. Sai gemun ya fara rawa, kafaɗu suka biyo baya, can dariya ta fashe masa, irin wadda take haɗe da tari, har yana dukan darduma. Ya cire tabarau yana share ido da bakin riga. Daga bayan labule aka ji Husna ta saki numfashi.

Da ƙyar ya tsagaita. Ya haɗe rai, ya koma malamin gonan ɗazu.

"Mujitaba."

"Na'am, Baba."

"Ka turo magabatanka ranar Juma'a."

"Na gode, Baba. Allah ya ƙara girma, Allah ya..."

"Dakata, ban gama ba. Wannan maganar suruki ce. Kai kuma Bakano, saurara. Ni ba na ba rago 'yata. In na ci ka yau, babu Juma'a, ka dawo baɗi. In kuma na gane da gangan ka bar min don kunya, ko baɗin kar ka dawo."

Ya danna wayarsa ba tare da ya kalli kowa ba. Ashe duk dariyar nan da yake yi, kansa na aiki.

Mujitaba ya juyo da tasa wayar.

Sport.

Sun yi canjaras, shida da shida. Ya lalubi kansa, inda ɗazu kalmomi ke turereniya, ya ji wayam, ko guda babu. Ya kalli Mainasara.

"Ba a taimako," in ji Malam. "Amana ce."

A masallacin ƙofar gida, ladan ya ƙwanƙwasa lasifika yana gyara murya zai kira magariba.